Ƙahon Mai Awara

Yayana Tsuneo mai awara ne, kuma mutumin kirki ne, kowa a kwarin Kamisawa zai gaya maka haka. Ni ma ban musa ba. Amma ni ce ƙanwarsa, ni ke wanke masa ƙyallen tatar waken suya tun da matarsa ta rasu, don haka ina da bakin faɗin abin da sauran ke haɗiyewa. Matsoraci ne, kuma tsoron nasa ya kusa cin ran mutum.

Shagon na mahaifinmu ne. Tsuneo ya gaje shi da tukwanensa da komai, har da ɗan ƙahon tagulla da masu awara ke busawa, murya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, mata su fito da kwanukansu. Baba da keke yake yawo. Tsuneo ya sayi farar a-kori-kura, yana hawa da ita har gidajen kan dutse, inda bas ta daina zuwa tun da aka rufe makarantar firamare. Tsofaffi kaɗai suka rage a can. Ya kai musu awara, fara da soyayyiya, ya karɓo musu magani, ya canza musu ƙwan lantarki. Ya haura saba'in, amma ko wayar hannu sai da na yi masa tijara ya karɓa. Duk abin da ya zo sabo amsarsa ɗaya ce: "Bari mu gani tukuna."

To, ganin ne ya soma guduwa.

Na fara lura da shi yana bugun kafaɗa a jikin ƙofa. Ludayi na ajiye a hagunsa, yana jujjuyawa yana zagin wanda ya ɗauke. Gefen motar na hagu ya cika da ƙarzuwa, in na tambaya ya ce rassan hanya ne. Da ƙyar na ja shi wurin likitan ido a birni. Likita ya ce ciwo ne mai cin gani daga gefe-gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma lallai Tsuneo ya ajiye tuƙi. Tsuneo ya rusuna ya yi godiya kamar an ba shi kyauta. Muna fitowa ya zaro lasisinsa ya kaɗa mini a fuska.

"'Yan sanda sun gwada idona wajen sabunta shi, Fusae. Sun ce na ci."

Gwajin me? Ka leƙa akwatin gwajin ido ka faɗi ta inda zoben da aka zana a ciki ya tsage. Zoben yana tsakiya, kuma tsakiyar ce kaɗai ta rage masa.

Sai kuma maganar ƙahon. Daga shago ana jin amsa-kuwwarsa in yana kan dutse, kuma na san hanyar nan tun ina goye. Na san inda gidaje suke. Sai na riƙa jin busa daga inda babu kowa sai itatuwa: a kwanar gada, a gangaren maƙabarta, a bakin gonakin shinkafar da aka watsar. Mutane har tsokanarsa suke yi, wai mai awara ya soma sayar wa birai. Ni ban yi dariya ba. Na gane ba masu saye yake kira ba, kashedi yake yi wa duk wanda idonsa ba zai nuna masa ba.

Ranar da na tare shi yana zuba ruwa a bokitan awara, bai ko ɗago ba.

"Yaya, wa kake busa wa a kwanar gada?"

"In kunne ya ji, jiki ya tsira."

"Au, haka ne? Wato kai ka rufe ido ka taka mota, su kuma su yi ta kansu?"

"In na daina, wa zai hau musu? Ke? Ko 'ya'yansu da ke zuwa sau ɗaya a shekara su share kabari su gudu?"

"Kada ka fake da tsofaffi! Ba su kake tausayi ba. Tsoro kake ka wayi gari ba ka da inda za ka je."

Ya ce ni dai tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Na ce to, bakin nan zai shiga mota yau. Na cire rigar aiki na zauna a kujerar fasinja, ta hagu, raina na tafasa.

Abin takaici, ya iya hanyar. Hannunsa ya haddace kowace kwana. Ya busa, ya juya, ya busa, ya juya, har na soma jin ko ni ce mai neman fitina. Haka muka kai gidan ƙarshe, na Iya Tome, ƙawar mahaifiyarmu, wadda ta doshi casa'in kuma kunnenta ya mutu tun shekarun baya. Tsuneo ya sa ƙaho a baki ya busa. Tana tsaye a bakin hanya ta hagu, riƙe da kwanonta na silba. Ina ganinta ƙuru-ƙuru. Shi kuwa bai rage gudu ba.

Na kurma ihu. Ya taka burki, madubin gefe ya doki kwanon, ya yi sama ya faɗa kan kwalta yana ƙara. Iya Tome ta zame ta zauna daɓas a ciyawa.

Ya fito daga motar. Yana tsaye kusa da ita har zai iya taka zanenta, amma wani wajen yake kallo.

"Me na buga? Fusae, me na buga?"

Na kama haɓarsa na juya masa fuska, kamar yadda ake yi wa yaro. Ban taɓa jin haushin ɗan'adam kamar lokacin ba.

Iya Tome ta miƙe da taimakona tana kakkaɓe jiki. Da ƙarfi take magana, kamar duk mai ciwon kunne.

"Ba komai, ɗan nan, ba komai! Laifina ne. Kullum in na hango ka sai in sauka cikin lambatu har ka tsaya. Yau gwiwa ce ta ƙi."

Ashe ta sani. Ashe tun bazara tsohuwar nan ke shiga lambatu don kada ta rasa mai hawo mata, shi kuma yana ta busa wa kurma ƙaho yana ganin ya sauke nauyi.

Tsuneo ya tsinci kwanon, ga shi ya lotsa. Ya sa mata awara biyu a ciki. Sannan ya zare makullin motar ya jefa a aljihu. Ta karɓi kwanon ta dube shi.

"Jibi za ka zo ko?"

Ya juyo gare ni, wai ni in faɗa. Na naɗe hannu.

"A'a, Yaya. Kai ka tuƙa, kai za ka gaya mata."

Ya yi ƙasa da murya ya ce ba zai ƙara zuwa da mota ba. Ta kara hannu a kunne. Ya maimaita. Ta girgiza kai, ba ta ji ba. Ni kuma ban taimake shi da komai ba. Can ya cika ƙirji, irin cikawar da yake yi in zai busa ƙaho.

"Ba na gani, Iya! Ba na gani!"

Dutsen ya maido da maganar, aka soma zuge ƙofofi ana leƙowa daga gidajen da ke gangare. A can muka bar motar. Da ƙafa muka sauko, ina tafe ta hagunsa.