Ciyawar Shayi a Bakin Lambun Baba Sale

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin gona, ba na manta ranar da Keke Napep biyu suka gangaro Kwaciri maƙare da ciyawa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ya kamata ku ji yadda aka yi.

A lokacin ni ke kula da masu lambu na bakin rafi a yankin Fagge. Akwai wani dattijo, Baba Sale, mai noman latas da alayyafo da ganyen miya na ugu. Lambunsa yana daidai inda rafin ya karya kwana, don haka kowace damina sai ruwa ya gutsure masa gaɓa. Da na fara zuwa, rabin wurin ya riga ya tafi. Shi kansa ya ce in aka ƙara damina ɗaya haka, sai dai ya koma gida ya zauna, ga shi ba shi da wata sana'a.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ana dasa ciyawar jema a jere a bakin gaɓa, saiwarta ta nutse ta riƙe ƙasa, ta kuma tace dattin da ruwa ke kwasowa. Amma dole a dasa kafin ruwa ya zauna. Ƙa'idar aiki ita ce malamin gona ya nema a wurin shugaban shiyya, shi kuma ya sa a ba shi daga wurin renon iri. Na bi ƙa'ida tsaf. Shugabana, mutumin kirki ne, ya gaya mini gaskiya cewa jemar bana ta ƙare, sai baɗi. Na fito ina jin haushin duniya.

Ina cikin yi wa Baba Sale wannan bayani, sai ga Maman Obinna ta zo sarin ugu. 'Yar Sabon Gari ce, a nan aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi tawa kaifi. Ta tambayi kamannin jema, na kwatanta mata. Ta ce ai kamar lemun giras ke nan, ciyawar shayi, wadda suke dafawa in zazzaɓi ya kama yaro. Na ce 'yan uwa ne, ita ma tana riƙe ƙasa, ko da yake ba ta kai jema ba, amma ina za a sami mai yawa haka?

"Malam, kai dai ba ka shiga gidajenmu ne," in ji ta. "Wace mace ce ba ta da ita a bayan ɗaki?"

Na ɗauka hira ce. Ashe ranar Lahadi ta miƙe a taron matan cocinsu, ta ce kowa ta tsaga rabin tata ta kawo. Ranar Litinin da hantsi sai ga kekunan nan, wata ciyawar a tsohon bokiti, wata a buhun siminti, wata ma da ƙasar gidan a jikinta. Baba Sale sai godiya yake ta maimaitawa. Maman Obinna ta ce ya daina ba ta kunya, in lambun ya tafi ita ina za ta sami ugu.

Muka rarraba saiwar, muka dasa layi biyu. Na roƙe shi ya bar taku kaɗan daga bakin ruwa ba noma ba ƙonawa, ya kuma riƙa shimfiɗa ragowar ganye a kan kunya. Wannan ya yi masa wuya, don mai ƙaramin wuri ba ya son ganin ƙasa a zaune. Ya dai daure, yana mita yana yi wa ciyawar ban ruwa.

Da ruwan Agusta ya sauko, gefe guda ya zabtare, inda ciyawar ba ta kama da kyau ba. Sauran ya tsaya. Kafin kaka kwaɗi sun cika wurin, tsuntsaye suna sheƙa a ciki, har bushiya ta tare, tana rage masa ƙwari. Shi da a da yake kashe duk abin da ya motsa a lambu, sai ga shi yana hana maƙwabta taɓa ta.

Da ya yi wa ciyawar yankan farko, ya ce in raka shi ranar Lahadi. Ya sa babbar rigarsa, muka tsaya a bakin ƙofar cocin da damin ciyawa har aka tashi. Na ce masa ai ba mu san waɗanda suka bayar ba.

"To sai mu ba kowa," in ji shi.

Haka ya yi, duk macen da ta fito sai ya miƙa mata ƙulli ɗaya da hannu biyu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mini wannan, ina kuma gode wa matan nan da har yau ban san sunan yawancinsu ba. Abin da na koya shi ne, in ofis ya ce babu, kada ku naɗe hannu. Ku waiwayi masu cin abin da gonar ke fitarwa, don su ma tasu ce.