Hanjin Ragon Suna a Kankiya

Ku matso kusa, ku ara mani kunnuwanku, in gaya maku abin da ya kai ni Kankiya ranar Litinin.

Jikata likita ce. Tana koyon aikin da ba a tsaga ciki, sai a huda 'yan ƙofofi, a zura dogayen ƙarafa, a ɗinke hanji ana kallonsa a talabijin. Ta zo hutu gidan ubanta a Kankiya da akwatin gwajinta, ta aiko mani cewa ɗinkinta yoyo yake, ga jarrabawa ranar Alhamis. In ta faɗi, sai baɗi.

Mun tashi daga Mawashi da hantsi, ni da maƙwabciyata, ana gama feɗe ragon suna a gidanmu. Hanjin na ce a ba ni, na wanke, na rufe a kwano. Gero ya yi kai dama da hagu, mota kuwa sai tsalle take a ramuka, ni da kwano muna tsalle tare.

Direba ya waigo. "Iya, farfesu za a yi mana?"

Na ce, "Wannan makaranta za shi."

Mota ta kwashe da dariya.

A Kankiya mun ci waina a bakin tasha, sannan muka isa gidan. Jikata ta sa hanjin cikin akwati, ta ɗinka, ta ɗura ruwa. Ya tsiyaye. Ta sake, ya tsiyaye. Na ga idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Likita, akuya kike ɗaurewa? Wannan jan zare haka!"

"Kai, Kaka! Ke da sai an zura maki zare a allura?"

"Ido ya tafi, hannu bai manta ba. Ubana gyartai ne, fasasshiyar ƙwarya yake ɗinkewa. Ba ya matsewa. Baki da baki yake haɗawa, ya bar su su zauna."

Ta sassauta hannu, ta sake ɗinkawa. Wannan karon hanji ya cika fam, ko ɗigo babu. Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Mun dawo gida kafin magariba. Ranar Alhamis jikata ta bugo waya, ta ci jarrabawa. Maƙwabciyata har yau tana jimamin hanjin da bai shiga tukunya ba. Ni kuwa na yi wa ubana addu'a. Ashe sana'ar da na ɗauka ta bi shi kabari, tana nan a hannun jikata.