Allon Mai Faci da Bawansa na Shagari

Karatuna na boko bai wuce na 'yan watanni ba, shi ma sai da na yi gemu. Ajin yaƙi da jahilci aka buɗe mana a Bodinga farkon mulkin farar hula, da yake babu ɗaki sai aka ari rumfata ta faci da ke bakin titi, bayan la'asar in na ture tayoyin keke gefe. Ɗaliban duk masu iyali ne: mahauci, tela, wasu 'yan albasa, sai ni da nake zama can baya don kada a tambaye ni. Da aka yi wa malaminmu canjin wurin aiki, ya tafi ya bar allo jingine da ginshiƙin rumfa, da guntun alli a kwali, ya ce za a zo a ɗauka. Har yau ina jiran mai ɗauka.

Wata ranar kasuwa akuya ta shigo rumfa ta cinye mini robar faci. Haushi ya kama ni, ga shi ban san mai ita ba balle in yi masa faɗa. Na ɗauki alli na rubuta da hannuna mai kama da tafiyar kaza: "Akuyar wani ta ci robata. In ciki ya ɗaure mata, mai ita ya kawo ta in yi mata faci." Tela maƙwabcina, wanda ya fi mu duka kai a aji, ya karanta da ƙarfi. Mutane suka yi dariya suka watse. Da kasuwa ta zagayo sai wani ɗan Dingyaɗi da ban ma san shi ba ya tsaya ya ce, "Mai faci, yau ba labari?"

Daga nan ne. Kowace ranar kasuwa, in na dawo daga sallar asuba, sai in goge allon da jiƙaƙƙen tsumma in rubuta sabo. In ya koɗe, in fasa tsofaffin batiran tocila in kwaɓa baƙin garin da ke cikinsu da ƙaro in shafe shi. Ina rubuta abin da na gani ne kawai. Rijiyar da ta ƙafe, albasar da ta ruɓe a Danchaɗi, motocin manya masu jiniya da ke wucewa zuwa Shagari, garin shugaban ƙasa, suna tarwatsa zabin mutane. 'Yan siyasa sun zo, na wannan ɓangare da na wancan, kowa yana so in sa alamar jam'iyyarsa a sama. Na ce musu ni zane ya fi ƙarfina, in na zana musu abu mutane za su ɗauka kunkuru ne.

Uwar yara ta sha tambayata abin da allon yake ba ni. Gaskiyarta, ko ƙwayar gero bai taɓa kawowa gida ba. Amma ni na san kafin allon ina yawo a gari ne kamar jaki, ido a ƙasa, in ci in kwanta. Da ya zama dole in sami abin rubutawa duk mako, sai na fara kallo. Na fara lura da yadda mai shayi ke rage madara yana ƙara surutu, da yadda tsofaffi ke yin shiru in hadari ya taso ya watse. In abu ya ɓata mini rai, kafin in gama neman yadda zan matse shi a allo guda, rabin fushin ya tafi. Allo ba shi da faɗi, dole mutum ya san abin da yake nufi kafin ya ɗora alli.

Amma abin da ya fi tara mini jama'a shi ne taubashina. Ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina da aka aurar can wajen Shagari cikin masu shanu. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma bai taɓa yarda ba. Tsakanin taubasai babu kunya babu fushi, abin da ka ga dama ka faɗa, haka muka taras. Dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa, ba ya fashin kasuwar Bodinga. Ni kuma ba na fashin sa shi a ƙasan allo. In ce bawana na Shagari ya zo da man shanu mai ruwa. In ce an ga bawana yana barci a gindin gawo shanu suna kiwonsa.

Ba ya karanta boko. Sai ya zo ya tsaya gaban allon, ya dogara da sanda, ya ce, "Tela, karanta mani ƙaryar yau." Tela ya karanta. Shi kuma ya juyo ya rama da baki, kuma bakinsa ya fi allina kaifi.

"Ɗan kawu, kai da ka ƙare rayuwarka kana hura wa taya iska, mi kas sani ga shanu? Ko akuya ta raina ka, har rumfa ta bi ka ta ci maka jari!"

Mutane su yi ta dariya, wasu har su bar cinikinsu su zo. Daga nan mu zauna in saya masa fura, ya ce ba ta kai ta gidansu ba, ya shanye.

Sai lokaci ya juya. Cutar shanu ta shigo, irin wadda dabba ke zawo idonta na ruwa, kafin a ankara ta faɗi. Ba a gama da ita ba damina ta yi gardama. Soja suka karɓi mulki, sabulu da madara suka zama abin bin layi. Alli ma ya ɓace, na koma rubutu da farar ƙasa. Labari ya iso mini cewa garken taubashina ya ƙare, saura tsohuwar saniya guda. Na je na yi masa jaje kamar kowa. Bayan nan sai ya daina zuwa kasuwa.

Ni kuma na cire shi daga allo. Ina ganin hankali na yi. Mutum yana cikin wannan hali, ina ni ina tsokanarsa gaban jama'a? Na ci gaba da rubuta layin sabulu da tsadar gero, ƙasan allon kuwa na bar shi baƙi. Tela ma ya yaba mini, ya ce ashe ina da tunani.

Aka yi watanni ban sa shi a ido ba. Da na ga shirun ya yi yawa, na hau keke na nufi rugarsu. Na same shi zaune a inuwar bukka, sandar tana jingine can nesa da shi. Ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na amsa da ladabi. Muka zauna kamar surukai. Tun da uwayenmu suka haife mu ba mu taɓa yin minti biyu ba tare da wani ya zagi hancin wani ba, ran nan kuwa har na tashi babu wanda ya yi murmushi. A nan ya gaya mini in an kwashe ɗan abin da gona ta bayar zai sayar da saniyar ya tafi Kurmi, can kudu, an ce ana samun aikin gadi.

Na ja kekena na fito. Goggo ta biyo ni, tana tafe tana dafa danga, don a lokacin ta tsufa sosai, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji da ya rage.

"Tsaya nan, ɗan nan. Mi yay yi maka?"

"Wa, Goggo?"

"Ɗan'uwanka. Mi yay yi maka da ka yashe shi?"

Na rantse mata babu komai, tausayinsa ne ma nake ji.

"Tausai?" Ta kama hannun kekena. "Duk ranar kasuwa in mutane sunka dawo daga Bodinga, shina zaune bakin hanya. Ba shi tambayar kuɗin gero, ba shi tambayar kowa. Sai ya ce, mi allo yac ce? Su ce mashi an yi maganar sabulu. Ya ce, ni hwa? Su ce babu. Ran nan da kunnena na ji shi shina cewa, to, har ɗan kawu ya yi mani ta'aziyya."

Ta ƙara riƙe keken, ta ci gaba.

"Shanu sun mutu, mun gode Allah, shi yab ba mu. Amma shi bai mutu ba. Kowa na lallaɓa shi awa ƙwai, shi ya sa ba ya iya shiga mutane. In yat tahi Kurmi, ni dai na san ba ni sake ganin shi."

Na tuƙo keke zuwa gida ina juya maganar. Ashe wurin da na bari baƙi a ƙasan allo, shi ma rubutu ne, kuma duk kasuwa ta karanta shi. Taubashin da aka daina tsokana, an gaya wa duniya ke nan ya zama abin tausayi.

Sai dai gane ciwo daban, sanin abin rubutawa daban. Ban taɓa shan wuyar allo kamar wannan makon ba. In na yi wasa mai laushi, zai gane lallashi ne, ya fi zafi. In na taɓa shanun, wataƙila in ƙarasa abin da cuta ta fara. Na tsara magana a kai na rushe, ina faci ina manna roba inda babu huji. Ranar kasuwa da safe na goge allon gaba ɗaya, ban sa labarin komai ba sai wannan:

"Cigiya. Bawana na Shagari ya ɓace. Dogo ne kamar karan dawa, ba shi da nama. Dukiyarsa tsohuwar saniya guda, wadda ko cuta ta duba ta raina. An ce za shi Kurmi gadi. Mutanen Kurmi ku yi hattara, wannan in yana gadi har shi ake sacewa. Wanda ya gan shi ya kamo mini, ladansa faci kyauta."

Tela ya karanta a zuci, bai ɗaga murya ba. Ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Mai faci, ka ji tsoron Allah. Mutum ya rasa komi nai, kai kuma ka sa shi bisa allo? Goge wanga abu tun mutanen Shagari ba su iso ba."

Na ce ba na gogewa. Masu karatu suna zuwa su tsaya, wani ya fara dariya sai ya haɗiye ta, ya dube ni ya wuce. Mahauci ya ce mini tsufa ya fara taɓa ni. Ran nan ko furar kirki ban sha ba. Mako ya zagayo ban ji komai daga Shagari ba, ban kuma iya rubuta sabo ba, na bar cigiyar a wurin.

Ranar kasuwar, hantsi ya ɗaga, ina duƙe kan wata taya, sai na ji an buga ginshiƙin rumfa da sanda har ƙura ta zubo mini a ka. Na ɗago. Ga shi tsaye, cikin rigarsa ta zuwa sallar idi, fuska a ɗaure.

"Tela! Taho ka karanta mani. An hwaɗa mani, amma ina son in ji da kunnena."

Tela ya fito yana jan ƙafa, ya karanta murya ƙasa-ƙasa. Jama'a sun fara taruwa, kowa ya yi tsit. Taubashina ya saurara har ƙarshe. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

"Cuta ta raina saniyata, ko? To ai gara ita. Kai talauci bai raina ka ba, tun ranar sunanka ya tare gidanka, har yau bai ga dalilin tashi ba! Kuma wa ab bawan wani? Ni da ka gani, da shanu da babu shanu, in na sayar da kai ko igiyar ɗaure maraƙi ba ta hita!"

Kasuwa ta fashe. Mahauci har da riƙe ciki. Ni kuwa ina dariya ina share ido da hannu mai baƙin mai, na ɓata fuskata duka, ya sami abin ƙarawa da shi. Na aika aka kawo fura. Ya kurɓa ya ce ruwa ce zalla, ya shanye.

"Maganar Kurmi hwa?" na tambaye shi da mutane suka ragu.

"In tahi in bar ka da allo kana zuba ƙarya ba mai ba ka amsa? Ba ka isa ba."

Ba zan ce allona ne ya mayar masa da arziki ba, ban kai nan ba. Abin da ya faru shi ne ya dawo cikin mutane, kuma a cikin mutane ake samun hanya. Wani ɗan albasa da ya tsaya kallon faɗanmu ya tuna babu wanda ya san dabba kamarsa, ya ba shi 'yan karsana ya riƙa masa kiwo. A hankali aka tashi. Garken bai koma kamar da ba har abada, amma Goggo a hannunsa ta cika.

Na ci gaba da rubutu shekaru masu yawa bayan nan, har idona ya fara gardama. Yanzu ina jin masu irin wannan tsiyar a cikin waya suke yinta, kuma abin da suka rubuta yana nan ajiye ba ya goguwa. Ni nawa babu ko layi ɗaya da ya rage, duk tsumma ya cinye. Sai dai har gobe in ina zaune a ƙofar gida, wani mai furfura zai tsaya ya ce, "Baba, ka tuna akuyar da ta ci roba?" Ya karanto mini abin da ni na manta na rubuta. Wani lokaci ma ya fi yadda na rubuta shi daɗi, ni kuma ba na gyara masa.

Taubashina ya riga ni tafiya. Muka kai shi, muka yi zaman makoki a Shagari, na dawo gida. Da ranar kasuwa ta zo na daɗe tsaye gaban allon da tsumma a hannu. Na san dai abu guda, ba zan sake bar masa wurinsa baƙi ba. Na rubuta a ƙasa, inda ya saba tsayawa: "Bawana na Shagari ya gudu ba da izinina ba. Allah ya jiƙansa, ya sa in na iske shi ya tanadi amsa."

Tela ya fito, shi ma a lokacin da tabarau da sanda. Ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, kamar yadda ya saba karanta masa. Wannan karon bai ce in goge ba.