Yadda Aro Ya Cinye Motar Babanmu

Ranar wata Asabar ce, a kakar shekarar 1982, ni da Mama muna tsakar gida muna ɓare masara a kan tabarma, sai muka ji ihun yara daga bakin hanya. Na fita a guje, ko takalmi ban tsaya sakawa ba. Abin da na gani har yau yana tsaye a idona: motar Baba, akori-kurar nan shuɗiya, an ɗaure ta da igiya, shanun huɗa biyu suna janta a hankali daga wajen Dayi. Baba na zaune a ciki, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, hularsa a daidai, yana kallon gaba kamar mai tuƙi da gaske. Bai dubi kowa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na san shanun nan. Namu ne a da. Su Baba ya sayar wa maƙwabcinmu, ya haɗa da fadamar da ya gada da abin da auduga ta kawo, ya sayi motar. Yara na tafi suna dariya, ni kuwa na duƙa na ɗauki hoge na jefi wanda ya fi kusa da ni.

Babanmu Malam Ishaya manomi ne, kuma dattijo ne a ikkilisiyar ƙauyenmu. Mutum ne marar hayaniya, amma in aka zo maganar motar nan sai bakinsa ya buɗe. Ita ce komai namu. Ita ke kai auduga wurin awo, ita ke kai masara da dawa Funtua da Malumfashi, namu da na mutane, kuma da abin da take kawowa ake ɗinka mana kayan makaranta. In naƙuda ta yi wa mace tsanani, ko maciji ya sari wani a gona, ƙofarmu ake bugawa, Kirista ne ko Musulmi. Wanke ta aikina ne. Kullum kafin in tafi makaranta sai na jawo ruwa a rijiya, na bi ta da tsumma tun daga gilashi har taya, hannuna na ƙanƙara. Ban taɓa ƙorafi ba, don a filin makaranta “'yar mai mota” ake ce mini, ko a wasan gala-gala ni ake bari in fara. Ina jin kaina, ba zan ɓoye ba.

A ƙofar gidanmu akwai wani mangwaro, a gindinsa direbobin hanyarmu ke zama bayan la'asar. Baba ya ajiye musu tabarma da buta, masu salla su yi, sannan a dasa hira. Kai, hirar direbobi! Kowa likita ne. Wannan ya ce in lagireto na yoyo a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wancan ya ce ƙarya ne, garin rogo ya fi kamawa. Wani ya rantse sabulu kaɗai ke toshe tankin mai in ya tsage. A yi ta gardama kan ko ruwan sama ya fi dacewa da batir, da ko kashe inji a gangara yana rage shan mai ko kuwa neman lahira ne kawai. Babban mai baki a cikinsu shi ne Alhaji Sule, mai bas da ke zirga-zirga tsakanin Funtua da Kano, mutum mai dariya da dukan jikinsa. In na kawo musu ruwan sha yakan ce, “Asabe, ke za ki gaji sitiyarin Malam.” Baba kuwa maganarsa ɗaya ce kullum: “Mota ba ta son zama.”

To, ga zama ya same ta. Washegarin ranar da shanu suka jawo ta, bayan an taso daga sujada, Garba makaniki ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya sauko da giya, ya warware ta a cikin babban daron wankin Mama. Ya ɗaga wani ƙarfe mai haƙora, bai fi tafin hannu ba, ya nuna wa Baba inda ya karairaye. Shi kaɗai ne matsalar, in ji shi, in aka samo sabo a wuni ɗaya mota za ta tashi. Aka rufe daron da buhu aka tura shi lungun zaure. Aka ɗora motar a kan duwatsu don kada tayoyi su lalace. Baba ya tafi Funtua wajen Oga Sande, wani Ibo mai sayar da kayan mota, wanda 'ya'yansa duk a garin aka haife su. Lokacin kuwa kaya sun fara ɓacewa a kasuwa, sabulu ma sai da layi, balle ƙarfen giya. Oga Sande ya ce babu, amma zai aika Kano, in ba a samu ba zai sa 'yan'uwansa su duba a Kudu. Baba ya dawo da fara'arsa ya ce mana wata mai zuwa. Kowace safiya sai ya shiga ya zauna, ya kunna fitila ya kashe, ya danna hon sau ɗaya, ni kuma na ci gaba da wanki kamar za ta fita.

Alhaji Sule ne ya fara. Wata rana da yamma ya gyara zama ya ce, “Malam Ishaya, tunda a tsaye take, ara mini safayar tayarka in kai Kano in dawo.” Baba ya ce, “Haba Alhaji, har sai ka tambaya?” Sai an san yadda direbobin wancan zamani suke kafin a gane wannan. A wurinsu motar da ke tsaye ta kowa ce. Ba a hana ɗan'uwa abin da ba a amfani da shi alhali motarsa cike take da fasinja, kuma wanda ya hana, ranar da ya kwana a daji ba mai tsaya masa. Baba ma ya sha yin aro. Amma aron da suka saba na kwana biyu ne, wanda ake yi wa motar da gobe za ta tashi. Tamu kuwa ba ta tashi ba, kuma duk hanya ta san haka. Bayan safaya sai taya, sai wata tayar. Wani ya zo ya ari batir, ya bar mana nasa matacce. Wani ya kwance lagireto. Fitilu suka tafi, madubi ya tafi, hon ya tafi. Kowa da sallamarsa, kowa da gaisuwar iyali, kowa ya ce jibi zai maido. Ba ɓarayi ba ne, shi ya sa abin ya fi ƙona rai. Da ɓarawo ne ai da mun yi kururuwa.

Mama ce ta kasa haƙuri. Wata rana da Baba ya raka wani da gilashin ƙofa a hammata, ta tare shi a zaure, zaninta ɗaure a ƙugu, ta ce, “Malam, wai ba ka da baki ne? Mutanen nan za su kwashe ta ƙarfe-ƙarfe kana yi musu a sauka lafiya!” Baba ya ce, “Saratu, ranar da aka kai ki asibiti haihuwar auta, da batirin Alhaji Sule muka je.” Mama ta yi tsaki ta shige ciki, ta huce a kan turmi. Ni dai bayan Mama nake. Na daina kai wa 'yan gindin mangwaro ruwa sai an kira ni sau uku, in na kai kuma in dangwarar.

Damina ta zo ta yi gardama, ruwa ya ɗauke da wuri. Ba mota, ba shanu, sai muka koma garmar hannu. Ni da yayana Yohanna daga makaranta gona muke wucewa, mu yi ta noma har bayanmu ya ƙage, da kaka kuma mu ɗauko auduga a ka. Kayan makarantata suka ɗage suka koɗe, Mama ta yi ta ƙara musu ƙyalle. A filin wasa yara suka sauya mini suna, suka koma ce mini “'yar mai akurki”, don kaji sun gano kujerar motar suna ƙwai a kai. Na yi dambe a kan sunan nan har malami ya gaji da dukana. Ƙannena kuwa ko a jikinsu, sun sami wurin wasa, su hau baya suna kiran “Funtua! Funtua!” ɗaya na juya sitiyari yana ruri da baki. Wani lokaci muna cikin gona sai mu ji hon ɗinmu ya wuce a kan titi, a motar wani. Muryarsa daban ce, ba mai ɓata ta. Baba ya ɗan dakata da garma a hannu, sannan ya ci gaba. Duk ƙarshen wata sai ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya tsaya a bakin titi kamar kowa, ya shiga bas ɗin Alhaji Sule mai tafiya a kan tayoyinmu, ya je Funtua ya ji an ce wata mai zuwa. Ban san ranar da na daina wanke motar ba, kuma ba wanda ya ce mini don me.

Sai da wata daminar ta sake wucewa. Wata rana da hantsi muka ga Oga Sande da kansa ya sauka daga mota, yana share gumi, yana murmushi, da wani ɗan ƙunshi a takarda mai maiƙo. Bai aiko ba, so ya yi ya ga farin cikin Baba da idonsa. Aka kira Baba daga gona, aka aika wa Garba makaniki. Baba ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ƙarfen nan sabo fil, haƙoransa na ƙyalli. Allah sarki, har rawa na taka a tsakar gida. Garba ya jawo daron daga lungun zaure ya yaye buhun. Abin da ke ciki 'yan notuna ne, da tsatsa, da kashin ɓera. Sauran kayan giyar duk sun bi hanya, ɗaya bayan ɗaya, kuma Garba da kansa ya riƙa zuwa ɗauka, da izinin Baba, don ya tayar da motocin wasu. Ya tsuguna yana sosa ƙeya. Oga Sande ya zagaya gindin duwatsun nan, ya leƙa inda inji yake, ya leƙa ciki kaza ta tashi firgigit. Ya juyo, murmushin ya ɓace, ya ce, “Malam, ina motar?”

Mama ta matsa, Baba ya hau keke ya bi mutanen nan gida-gida. Wanda ya ari taya ya ce ta fashe tun bara. Wanda ya ari lagireto ya ce ai shi ma wane ya ara a wurinsa. Wani ya sayar da motarsa da kayanmu a jiki, wani ya rasu. Kowa ya ba shi haƙuri, wasu har da ƙwalla, don su ma ba inda za su samo. Da yamma ya dawo da madubi guda ɗaya ɗaure a bayan keke. Ya jingine keken, ya sha ruwa, bai ci tuwo ba.

Cikin makon nan aka kawo labari a gindin mangwaro cewa wani matashi mai suna Bitrus, a wani ƙauye wajen Malumfashi, motarsa irin tamu ta tsaya, kuma ciwon giyar iri ɗaya ne. Sabon aure gare shi, motar ce kaɗai abin hannunsa. Bai san Baba ba, bai aiko kowa ba. Ina shara a ƙofar zaure na ga Baba ya tashi daga cikin mutane, ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshin nan mai maiƙo, ya kira Yohanna gefe. Da kunnena na ji ya ce, “Hau keke ka kai masa yau ɗin nan. Ka ce ya ɗaura da wuri, kafin su fara zuwa masa aro.” Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Ashe ya sani. Duk tsawon lokacin nan da nake ganin kamar bai gane abin da ake yi masa ba, ashe yana gani sarai, kasa cewa a'a kawai ya yi. Na shiga bayan rumbu na yi kuka har na gaji.

Yau ina da 'yar motata a Zariya. In wani abu ya lalace, waya kawai zan buga, kafin azahar yaro ya kawo shi a babur. Ba mai aron tayar wani, ba mai ba da aro, maƙwabcina ma ban san irin ciwon motarsa ba. Na taɓa tsayawa a hanyar Funtua da bonet a buɗe, motoci suka yi ta wucewa, ba wanda ya ko rage gudu. Ina tsaye a wurin na tuna 'yan gindin mangwaro, waɗanda na girma ina jin haushinsu, na tabbata da su ne da tuni wani ya tsaya ya shiga ƙarƙashinta da rigarsa mai kyau. Har yanzu ban gama yafe musu ba, kuma har yanzu ina kewarsu. Baba dai har ya koma ga Ubangiji bai ƙara riƙe sitiyari ba.