'Yar Tagar Madam Haoua

Kafin rana ta leƙo kan kogin Komadugu, Madam Haoua Ibrah ta riga ta sha kokonta, ta zare tabilet daga caji, ta goge fuskarsa da gefen mayafi, ta naɗe shi a tsohon zane kamar jariri. Sai ta maƙala tabaraunta da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ta taka zuwa biro, wato ofishinsu, a cikin garin Diffa, inda mota ke jiran ta. Yau Sayam Forage, gobe Yébi, jibi Baroua. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana yi wa wata ƙungiyar agaji rajistar mutanen da tashin hankali ya raba da gidajensu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa aka ga ya dace a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

Tsohuwar malamar makaranta ce, da alli ta saba. Ranar da aka karɓe musu takardu aka miƙo tabilet, ta juya shi gaba da baya, ta ce ita ba ta ga abin da za ta yi da faranti marar miya ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, da ta fita daga fishin rajista, wato fom ɗin da ake cikewa, don ta rubuta wani abu a gefe, sai duk abin da ta cike ya goge. Faysal, mai kula da na'urorin biro, ya gaji da mitarta, ya saka mata wata manhajar rubutu mai yawo a saman allo. 'Yar taga ce rawaya, ba ta fi akwatin ashana ba. Duk abin da ka buɗe tana nan bisa kansa. Ka taɓa ta ta buɗe, ka rubuta, ka ja ta gefe da yatsa, aikinka na ƙasa bai motsa ba. Shi dai don lambobin tantuna ya saka mata, bai san ya jawo wa kansa ba.

Fishi yana tambayar suna, shekaru, gari da yawan iyali. Mutane kuwa ba a nan suke tsayawa ba. Sai Madam Haoua ta riƙa cike fishi da yatsa ɗaya, tana zuba sauran zancen a tagar. Malam Jibril ba ya ji da kunnen dama, a tsaya masa ta hagu. Wance tana da ciki, ba za ta faɗa gaban surukinta ba, a kai ta wajen lokotoro, wato likita, ita kaɗai. Wata rana Faysal ya leƙa ya kama kai.

"Haba Madam, wannan tagar taki ta rufe rabin fishi!"

"Bar mini ita, ɗana," ta ce. "Fishinka yana sauri. Mutane ba su gama magana ba."

Shekara huɗu da suka wuce, a sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, wata tsohuwa mai suna Ummusalma ta zauna gabanta. Daga tsallaken kogi ta gudo, kuma ranar da suka haye Komadugu ta rabu da 'yarta. Sau uku tana zuwa a buɗe mata takardar neman dangi, sau uku ana tashi ba a yi ba, domin gurbin farko sunan wanda ake nema yake so, ita kuwa da an zo nan sai ta sunkuyar da kai. Masu rajista suka ɗauka tsufa ne ya taɓa ta.

Madam Haoua ta dube ta, ta gane nan take.

"Inna, 'yar fari ce, ko?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. "Ita ce. Ta yaya zan kama sunanta, Madam? Babba nake ce mata."

Ba ko mutum ɗaya daga ƙauyensu a sansanin, balle a tambaye shi. Madam Haoua ba ta matsa mata ba, ta san kunyar 'yar fari ba abin da ake ciro wa mutum da ƙarfi ba ne. Ta bar gurbin fayau, ta taɓa tagarta.

"To Inna, bar sunan. Ba ni labarinta."

Nan bakin tsohuwa ya buɗe. Babba bahaguwa ce. Tana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, tun ranar da ta faɗa kan murhun bandar kifi tana 'yar shekara shida. Idan ta yi dariya sai ta dafe ƙirji. Madam Haoua ta rubuta duka, ta kafe rubutun a saman sauran. Tun daga ranar, duk fishin da ta buɗe, Babba na nan a kusurwar allo. An sauya mata tabilet sau biyu, sau biyu tana tsaye kan Faysal sai da ya kwashe mata rubutun kaf.

Ke ce kika yi shekara uku kina kallon hannuwan mata, Madam. Dubban yatsu sun dangwala a gabanki, ba wanda kika bari ya wuce ba ki saci kallon wuyan hannunsa ba. Mai kunnen sauraro, uwar masu layi!

Bara, lokacin da ake shanyar tattasai, aka je Baroua rajistar waɗanda suka komo garin daga gudun hijira. Rana ta take, layi ya yi tsawo, direba na ta duba agogo. Wata mata ta miƙo hannun hagu za ta dangwala, hannun rigarta ya zame. Madam Haoua ta ga tabo a wuyan hannun. Ba ta rufe fishi ba, ta taɓa tagar, ta karanta, ta sake duban hannun. Fishi ya ce sunan matar Kubura.

"Ƙanwata, wannan tabon fa?"

"Na bandar kifi ne, tun ina ƙarama."

"Mahaifiyarki tana ina?"

"Allah ya ji ƙanta. An ce mini kwalekwalensu ya kife." Shi ya sa ba ta taɓa neman ta ba.

"Lokacin da take raye, yaya take kiran ki?"

Matar ta yi 'yar dariya mai ciwo, ta dafe ƙirji. "Ni ce ta fari, ai ba ta kama sunana. Babba."

Nazira, abokiyar aikin Madam Haoua, tana Sayam a ranar. Madam Haoua ta hau kan tulin buhunan tattasai neman rezo, wato sabis ɗin waya, mace mai shekara sittin, tana atishawa, tabilet a sama, ta kira Nazira da bidiyo. Aka nemo Ummusalma. Fuskar tsohuwa ta fito a allo, 'yar tagar rawaya na kusa da kunnenta. Waɗanda suke wurin sun ce Kubura ta zube ƙasa, layi ya watse, mata suka kaure da guɗa, direban da ke ta gaggawa ya koma bayan mota yana share ido.

Bayan kwana uku aka kai Kubura Sayam da 'ya'yanta biyu. Kowa ya zuba ido ya ga runguma. Ina! Tsohuwa ta kau da kai, ta ce wa iska, "Wasu dai sun rame." Sai ta jawo jikokin tana tsokanar su, amma hannunta ɗaya na riƙe da wuyan hannun nan mai tabo, ta ƙi saki. Madam Haoua ta buɗe tagarta za ta goge rubutun da ya gama aikinsa, sai tsohuwa ta kira ta.

"Madam, wancan gurbin da kika bari, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"To rubuta." Tsohuwa ta ja numfashi. "Kubura."

Shekara arba'in da haihuwarta, ranar Kubura ta fara jin sunanta a bakin uwarta.

Madam Haoua, mun gode. Mun gode da haƙurinki, da gurbin da kika bari fayau har mai shi ta cike da kanta. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa a yi miki sabon tabarau. Ku kuma masu riƙe da tabilet a asibiti, a makaranta, a biro, ku cike fishinku, amma ku bar 'yar taga a buɗe don abin da fishi bai tambaya ba.

Jiya, cikin shirin ajiye aiki, ta miƙa wa Nazira tabilet ɗin, da zanensa. Saura rubutu goma sha bakwai a tagar, na mutum goma sha bakwai da har yanzu ake nema. Faysal da kansa ya ce duk wanda ya rufe ta, da shi zai yi.