Miyar Inna Harira a Kwanukan Mutane

Idan akwai matar da ta fi Inna Harira ta Kurmin Mashi sa mutum magana, to Safiyya, matar ɗanta Lawan, ba ta gamu da ita ba tukuna. Ana idar da sallar asuba tsohuwar nan za ta fito da faifai da tabarmi ta hau shanya: kuɓewa nan, tattasai can, yankakken tumatir har bakin rijiya. Wurin da mutum zai sa ƙafa babu. Ka zubar da ruwan wankin shinkafa, ta tambaye ka laifin da shukar cikin gwangwani ta yi maka. Ka kankare ƙanzo ka nufi bola, ta tare ka ta karɓe, gobe ya dawo maka kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Abin haushin ma shi ne sai ka cinye ka nemi ƙari.

Babbar Kasuwa ba ta zuwa da safe kamar kowa, sai la'asar sakaliya, lokacin da masu kayan gwari suka gaji suna neman kai da fasasshen tumatir. Wurin mahauta ƙashi take saye. Shinkafar wainarta tsaki ce. Da ƙashin nan da kabewa da gyaɗa da daddawa take haɗa miyar taushen da ke sa mai wucewa ya rage sauri a ƙofar gida.

Duk wannan Safiyya ta iya haƙuri da shi. Abin da ya gagare ta haɗiyewa shi ne ƙaramar Sallah.

Kowa ya san yadda kwanuka ke yawo gida-gida a ranar, kuma kwanon da ya shigo da abinci ba ya komawa wayam. Gidan da bai ɗora tukunya ba, kafin azahar an san shi. A Sallarta ta farko a gidan, Safiyya ta yini jajibere tana dakan gyaɗa har tafin hannunta ya yi kanta. Ta ga tukunya kamar ta gidan biki, ta ce a ranta bana za a san an yi amarya a layin nan. Gari na wayewa sai ga Inna tana rarraba miyar a robobi, da ƙullun waina, tana turawa ƙarƙashin hijabi. Kafin a sauko daga idi ta zaga gidajen matan leburori da na direbobin da motarsu ta kwanta, ko'ina maganarta ɗaya.

"Ki ɗumama, ki zuba a naki kwanon, ki aika wa maƙwabta. Ni ban zo ba, ke ma ba ki gan ni ba."

Da hantsi kwanuka suka fara shigowa. Safiyya ta buɗe na farko, miyarsu. Ta buɗe na biyu, miyarsu. Ita kuwa Inna ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, tana ɗanɗanawa tana jinjina kai, tana sa wa hannun matar gidan albarka da ƙarfi yadda na waje zai ji.

Shekara da shekaru ke nan ana haka. An taɓa zama a gidan suna, wata mata ta dubi Safiyya a tsakiyar jama'a ta ce, "Ke kam ki je Mardiyya ta koya miki miyar taushe. Ta Sallar nan tata ta fi taku nesa ba kusa ba." Mardiyya, wadda mijinta ke aikin lebura a lokacin, ta sunkuyar da kai. Safiyya ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta riga ta.

"Gaskiya ta faɗa miki. Ki je ki koya."

Ranar Safiyya ba ta ci abincin sunan ba don takaici.

Kwalliyar ɗaki ma haka. Ƙyallayen da tela ya zubar Inna ke tsintowa ta harhaɗa labule da rigunan matashi. Ta shafe bango da farar ƙasa, ta ja masa layi da bula, ta goge kwanukan jere da toka da lemon tsami har su riƙa ɗaukar ido. Sai an gama, ɗaki ya fito, ta ji wance na jiran dangin miji daga Gusau, nan take ta kwance labulen ta aika. Ranar Sallah ƙofar wadda ta ƙawata rabin layi tsohon zani ne a rataye.

Inna, ke ce kika hana a gode miki, kika hana a ambace ki, kika sa surukarki ta sha gori a kan miyar da ta daka da hannunta. Ke ce mai faɗa a kan cokalin man ja, sannan ki ɗauki tukunya guda ki kyautar. Uwar tukunya, mai rufa asirin layi. Wallahi kin gajiyar da mutanen gidanki.

Bana tari ya kama ta, likita ya ce ita da hayaƙin murhu har abada. Lawan ya ɗauke babbar tukunyar ya kulle. Goman ƙarshe na azumi Inna ta yi su ne cikin fushi. Abincin sahur sai an yi da gaske take taɓawa, kullum zancenta wani gida a ƙarshen layi da maigidan ya faɗo daga gini yana kwance. Me matar za ta zuba a kwano? Safiyya ta ce ita dai bana Allah ya hutar da ita, ko taɓarya ba za ta kalla ba.

Ranar jajibere da azahar sai ga Mardiyya da ɗaurin itace a ka, kabewa a hannu. Yanzu mijinta na tuƙa keke napep, sun ɗan samu sauƙi, kuma ita ce ta ce a faɗi sunanta a nan.

"Maman Halima, ina tukunyar?" ta tambayi Safiyya.

"Ai ke ce gwanar miya," in ji Safiyya. "Me za ki yi da tamu?"

"Ki faɗa mini duk abin da ke ranki, na cancanta. Ranar da aka yabe ni, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma gidan can ko gishiri babu. Mu dafa a wurina, kada hayaƙi ya iske Inna."

Safiyya ta ja tsaki, ta ƙara ja, sannan ta je ta karɓo makulli a wurin Lawan. Har ta isa gidan Mardiyya mita take yi, tana daka tana mita.

Ranar Sallah Inna ta ƙi sa sabon kaya, ta zauna ta ba ƙofa baya. Kwanon farko da ya shigo daga gidan ƙarshen layin ne, babbar 'yar gidan ta kawo. Inna ta ɗaga murfi, ta shaƙi ƙamshin miyar. Ta gutsiri waina ta dangwala ta kai baki, ta daɗe tana taunawa.

"Ki ce wa uwarki Allah ya yi wa hannunta albarka," ta ce da ƙarfi, yadda ta saba.

Sai da yarinyar ta fita sannan Inna ta kamo hannun Safiyya, ta juya tafin, ta ga kantar taɓarya.

"Man ja ya yi yawa," in ji ta. "Wa ya koya miki ɓarna?"

Ta sa gefen mayafi tana goge ido, wai hayaƙi ne, alhali ranar ko ashana ba a ƙyasta kusa da ita ba.

Mun gode, Inna Harira. Allah ya ba ki lafiya, ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa mutane. Mun san idan aka karanta miki wannan sai kin yi mako ba ki amsa gaisuwar kowa ba, mun ɗauka. Ku kuma masu ɗora tukunya, kafin ku rufe ta ku leƙa ƙarshen layinku tun jajibere. Ku shiga ba sanarwa, ku fito ba labari. Idan kuwa miyarki ta dawo miki a kwanon wata, ki ɗanɗana, ki haɗiye haushinki, ki yaba da ƙarfi.