Gonar Lado da Jar Rigar Ɗansa

Kowa a Ɗansoshiya ya san Iya Shamsiyya mai daddawa, ya kuma san ba a ja da ita. Ƙanenta Lado ya tafi karatu ƙasar Armeniya, ya yi aure a can, ya rasu a can. Ya bar ɗa guda, Mujitaba, wanda bai taɓa taka ƙasar Kiru ba. Tun daga nan Iya ke sa a nome gonar Lado, duk kaka ta fitar da zakkar dawa da sunan yaron.

Da Armeniya ta zaɓi Mujitaba cikin 'yan ƙwallonta na ƙasa, sai Ja'afar, ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana harin gonar, ya zo mata da hoto a waya.

"Yaya, dubi jar rigar da ya sa. Ga hannu a ƙirji, yana rera taken wata ƙasa. Wannan ai ya bar mu. A ba ni gonar in noma."

Iya ta karɓi wayar, ta ƙura wa hoton ido. Goshin Lado ne sak.

"Najeriya ta kira shi ne ya ƙi zuwa?"

"A'a," in ji Ja'afar.

"To, inda aka kira shi nan ya amsa. Kai da kake nan kusa, ko gayya ba ka taɓa zuwar mini ba." Ta dangwara masa wayarsa. "Ka taka gonar nan ka gani. Riga yaron ya sa, ba uba ya sake ba."